Hanyar jerin gwano a tsohon birnin Rum: ibada ce ta shata ta ko faɗin titi?

Ɗan Safiyo:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana tarihin Rumawa na zauren nan. Kusan duk taswirar tsohon birnin Rum za ka tarar an ja jan layi guda, an ce ga hanyar hawan nasara: daga filin Mars, ta Sirkus Filaminiyus, a shiga gari, a ratsa filin sukuwa na Sirkus Maksimus, a kewaye tudun Palatin, a biyo Titin Tsarki zuwa dandalin Forum, a hau tudun Kafitol, inda haikalin babban gunkinsu Jupita yake. Kimanin kilomita 4. Shin dokar addininsu ce ta kafa wannan layin har ba mai kauce masa, ko kuwa titunan da za su iya ɗaukar karusa da shanu da dubban mutane ke nan, daga baya aka lulluɓe su da tsarki? Mai awon ƙasa in ya ga hanya ta yi kwana, dutse ko fadama ko ƙofa yake fara nema.

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam Safiyo. Kafin a warware zare da abawa, a san cewa jerin gwanon Rumawa ba ɗaya ba ne. Akwai hawan nasara na kwamandan da ya ci yaƙi, wanda ke ƙarewa a Kafitol. Akwai na ranar sukuwa, wanda daga Kafitol ɗin yake tasowa ya gangara filin sukuwa. Akwai na jana'izar manya, daga gidan mamaci zuwa mumbarin Forum. Akwai na firistoci, akwai kuma na neman sauƙi idan wata alama ta tsorata gari.

Wanda aka fi sanin hanyarsa daki-daki ma ba hawan nasara ba ne. Na shekarar 207 kafin Miladiyya ne, lokacin da Hasdurubal ke tahowa Italiya don ya haɗu da ɗan'uwansa Hanibal. Tsawa ta faɗa wa haikalin Juno da ke tudun Abentin, aka shirya jerin gwano, marubucin tarihi Libiyus kuma ya rubuta hanyar unguwa-unguwa. Daga haikalin Apolo aka taso, a wajen ganuwa. Fararen shanu mata 2 a gaba, sai gumakan Juno 2 da aka sassaƙa da itace, sai 'yan mata 27 cikin dogayen riguna suna rera waƙa, sai firistoci 10 a bayansu. Aka shiga ta ƙofar Karmenta, aka bi layin Yugariyus zuwa Forum. A nan aka tsaya, 'yan matan suka kama igiya ɗaya suna taka ƙafa daidai da waƙar. Daga nan sai layin Tuskus, unguwar Belabrum, kasuwar shanu, sai hawan Publisiyus har haikalin, inda aka yanka shanun aka shigar da gumakan.

To, Malam, ka sake duba taswirarka. Daga ƙofar Karmenta zuwa kasuwar shanu tafiya ce kaɗan, a miƙe, ta bakin kogi. Amma sun bar miƙaƙƙiyar hanya sun shiga Forum sun fito ta wani layin. Wannan kwanan ba dutse ne ya sa shi ba. So ake mutanen gari su gani da idonsu cewa an yi.

Injiniya:
Malama ta yi gaskiya kan dalilin shiga Forum, amma kada a yar da maganar Malam Safiyo. Tsakanin Kafitol da Palatin, manyan layukan da ke haɗa Forum da bakin kogi biyu ne, Yugariyus da Tuskus. Wanda zai shiga Forum ya dawo, dole ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya, in ba haka ba kan jerin gwano ya yi karo da wutsiyarsa. Niyya ta mutane ce, amma ƙasa ce ta zaɓa musu layi.

Ga awo. Tsohuwar dokarsu ta Alluna 12 ta yanka wa hanya ƙafa 8 a miƙe, ƙafa 16 a kwana. Ƙafar Rumawa santimita 29.6 ce, wato mita 2.4 da mita 4.7 ke nan. Manyan titunan tsakiyar gari ma ba su wuce mita 5 zuwa 6 da rabi ba. Dawakai 4 a jere gaban karusa ɗaya sun cinye fiye da rabin wannan, ga dogarai a gefe suna korar mutane. Daga Forum zuwa saman Kafitol kuma hawa ne na kimanin mita 30, kuma sai a 174 kafin Miladiyya jami'an ƙidayar jama'a na shekarar suka ba da kwangilar shimfiɗa masa dutse. A wannan shekarar suka gyara ɗakunan tashin dawaki a filin sukuwa. Farkon hanyar jerin gwanon sukuwa da ƙarshenta aka gyara lokaci guda.

Akwai kuma wani allon tagulla da aka tono a 1732 kusa da Herakiliya a kudancin Italiya, ɗauke da dokar tituna ta zamanin Yuliyus Kaisar. Ta hana amalanke yawo cikin birnin Rum daga fitowar rana har sa'a ta 10 ta yini, wato wajen la'asar. Waɗanda aka ɗage wa: masu kai kayan ginin haikali da ayyukan hukuma, mata masu hidimar gunkiya Besta da manyan firistoci a ranakun hidima, motocin hawan nasara, na jerin gwanon sukuwa, da masu kwashe shara. Gyaran titi kuwa a wuyan mai gidan da ke bakinsa yake. In ya ƙi, jami'in tituna, edil, ya kafa sanarwa a Forum kwana 10, ya ba ɗan kwangila, a ɗora wa mai gida kuɗin. In kwana 30 suka wuce bai biya ba, a ƙara masa rabin kuɗin a kai. In haikali ko ginin hukuma ne a ɗaya gefen, hukuma ta ɗauki rabin titin.

Mai Latin:
Injiniya, bari in ɗora kan wannan. A cikin tuhumar da lauya Sisero ya yi wa tsohon gwamna Beres akwai batun titin nan daidai, daga gunkin Bertumnus da ke bakin layin Tuskus zuwa Sirkus Maksimus. Ya kira shi titin karusan gumaka da jerin gwano, ya ce Beres, da yake riƙe da muƙamin fireto, wato babban alƙalin gari, a 74 kafin Miladiyya, ya karɓi aikin gyaransa a lalace har shi kansa ba zai yi gangancin binsa ba. Ana cikin lissafin satar kuɗi ne, amma an sako shi a matsayin laifi ga gumaka.

Dalilin yana cikin kayan da ake ɗauka. Marubucin tarihi Diyonisiyas ɗan Halikarnasus ya jero yadda jerin gwanon sukuwa yake: shugaban wasannin a gaba, sai samarin gari, 'ya'yan masu hali a kan doki, sauran a ƙasa, sahu-sahu kamar masu tafiya yaƙi. Sai matuƙan karusa masu dawaki 4 da masu 2, sai 'yan dambe da 'yan kokawa. Sai masu rawa da makami kashi 3, manya da samari da yara, cikin jajayen riguna da ɗamarar tagulla. Masu busa da masu garaya na biye da su. Sai 'yan kama sanye da fatun akuya suna kwaikwayon masu rawar. Sai masu turare da masu ɗauke da kwanonin zinariya da azurfa. A can ƙarshe gumaka.

Su kuma iri biyu ake ɗaukarsu. Gunkin kansa ana ɗora shi a kan wani katako mai sanduna biyu, ƙirar makara, sunansa ferkulum, maza su saɓa a kafaɗa. Alamomin gunkin kuma, kayan da aka san shi da su, ana sa su cikin wata karusa mai adon azurfa da hauren giwa, sunanta tensa, wadda ke da ɗakin ajiyarta a Kafitol. Wanda ke riƙe da ragamar tensa yaro ne, kuma sharaɗi ne uwarsa da ubansa duka suna raye. To a kwatanta: ƙaramin yaro, karusa mai nauyi, gangaren Kafitol, dawakin da hayaniya ta firgita, ga rami a titi.

Ɗalibi:
Allah gafarta Malam, to in yaron ya saki ragamar fa?

Mai Latin:
An ɓata. Sisero ya lissafa abubuwa 4 da ke ɓata wasanni: mai rawa ya tsaya, mai busa ya yi shiru ba zato, yaron ya saki karusa ko ragama, ko edil ya yi kuskure a lafazin addu'a ko wajen zuba abin sha na hadaya. Marubucin Girka Pulutak ya ƙara biyu: ɗaya daga dawakin tensa ya gaza, ko matuƙi ya kama linzami da hannun hagu. Hukuncin ɗaya ne, a sake. Sunan abin a wurinsu instaurasiyo. Pulutak ya ce an taɓa maimaita hadaya ɗaya sau 30.

Ɗan Safiyo:
Wannan ya ƙara min ƙarfi. In tuntuɓe ɗaya zai sa a sake komai, ba wanda zai yarda a gwada sabon layi. Ana maimaita hanyar da aka san ta ɓulle bara ne.

Ga wani lissafi, nawa ne ba na magabata ba, amma alƙaluman tushe na Pulutak ne kan hawan Emiliyus Paulus na 167 kafin Miladiyya, bayan ya ci Makidoniya. Ranar farko amalanke 250 ɗauke da gumaka da zane-zane. Ba kowace amalanke da dabbobinta da ratar bayanta mita 10, ka sami kilomita 2 da rabi, fiye da rabin hanyar gaba ɗaya. Rana ta biyu, bayan motocin makamai, mutum 3,000 ɗauke da tulunan kuɗin azurfa 750, mutum 4 kan kowane tulu, kowane tulu talanti 3. Talanti kusan kilo 26 ne, tulu ɗaya kilo 78 ke nan ban da nauyin tulun, kusan kilo 20 a kafaɗar kowa. Ba kowane tulu mita 3, sahu ɗaya ya zarce kilomita 2. Rana ta uku ga bijimai 120 masu ƙaho shafe da zinariya. Shi ya sa aka raba shi kwana 3. Ba alfahari kaɗai ba ne, titin ba zai haɗiye shi a yini ɗaya ba. Kuma duk inda gaba ya tsaya, misali a hawan Kafitol, mai tulu a can baya yana tsaye da kilo 20 a kafaɗa.

Injiniya:
Akwai maganin wannan tsayuwar, ana ganinsa a wani zanen bango a titin Abondanza na garin Pompei. An zana jerin gwanon gunkiyar Kubele, an sauke ferkulum ɗin, masu ɗaukarsa 4 suna tsaye riƙe da sanduna. Irin waɗannan sandunan da su ake dogarawa a tafiya, da su ake tallafe kaya in an tsaya.

Baba Dattijo:
Yarana, kun auna titi kun auna kafaɗa, Allah Ya yi albarka. Amma akwai layin da ba ya awuwa da igiyar safiyo, kuma shi ya fi kowane iko kan hawan nasara. Pomeriyum, iyakar tsarki ta birnin. Ba ganuwa ba ce, a wasu wuraren ma ba ta bin ganuwa. Kwamandan da ya fita yaƙi yana ɗauke da ikon soja, kuma da zarar ya tsallaka wannan iyakar ya shigo, ikon ya faɗi, damar hawan nasara ta tafi tare da shi. Saboda haka sai ya zauna a waje. Majalisar dattawa ce ke fitowa ta same shi, galibi a haikalin Belona da ke wajen iyakar, ta ji rahotonsa. In ta amince, sai a yi masa doka ta musamman ya riƙe ikonsa cikin gari na wannan ranar kawai.

Wannan ba magana ce ta baki ba. Lukulus ya dawo a 66 kafin Miladiyya, bai hau ba sai 63, shekara 3 yana bayan gari saboda abokan hamayya sun tare. Yuliyus Kaisar a shekarar 60 ya haƙura da hawansa ɗungurungum, don sai ya shiga gari da kansa zai tsaya takarar konsul, muƙamin shugabancin ƙasa. Ku gaya min wane faɗin titi ne ya hana su shiga.

Kuma wannan ƙa'idar ita ta gina unguwa guda. Tunda a kudancin filin Mars ake taruwa ana jira, nan kwamandoji suka riƙa gina haikalan da suka yi bakance a fagen yaƙi, da kuɗin ganima, ɗaya kusa da ɗaya, a kewayen Sirkus Filaminiyus. Wanda zai hau bana sai ya wuce ta gaban ginin wanda ya hau shekara 50 da suka wuce. A nan jerin gwano ne ya yi gari.

Malamar Tarihi:
Baba ya faɗi abin da ba ya motsi, kuma na yarda: farko a wajen pomeriyum, ƙarshe a haikalin Jupita. Akwai ma na uku. A gindin Kafitol ake ware shugaban abokan gaba a shigar da shi kurkukun Tuliyanum. Marubucin tarihi Josefus, a bayaninsa na hawan Bespasiyan da Titus a 71 Miladiyya bayan cin Kudus, ya ce an tsaya a bakin haikalin ana jira har aka kawo labarin an kashe Saminu ɗan Giyora, sannan aka fara hadaya. Jugurta na Numidiya a 104 da Basinjetoriks na Gal a 46 kafin Miladiyya duk a wannan kurkukun suka ƙare.

Amma tsakanin waɗannan tashoshin, Baba, jan layin taswira ya fi shaidun da ke hannu ƙarfin baki. An harhaɗa shi ne daga hawa daban-daban da ke da ɗaruruwan shekaru tsakaninsu, birnin kuma ya ƙone an sake gina shi a tsakani. Ita kanta Ƙofar Nasara da marubutansu ke ambata, har yau masu tono na jayayya kan mazauninta. A 71 sarki Bespasiyan da ɗansa Titus kusa da haikalin Isis suka kwana, suka gana da dattawa a rumfar Oktabiya, suka koma ƙofar, sannan Josefus ya ce sun bi ta cikin gidajen kallo don jama'a su fi gani. Kuma ya ce akwai dandamalai masu hawa 3 da 4 da ake ɗauke da su, har 'yan kallo na tsoron kada su rufto wa masu ɗauka. Abu mai wannan tsayin ba kowace ƙofa zai shiga ba. Dole masu shiri sun bi hanyar tun kafin ranar suna duba inda zai wuce.

Injiniya:
Kuma akwai wanda bai duba ba. Pompiyus a hawansa na farko, bayan yaƙin Afirka, ya sa aka ɗaura wa karusarsa giwaye 4 maimakon dawaki. Da aka iso ƙofa ta ƙi ɗaukarsu, sai da aka kwance aka kawo dawaki, jama'a na jira. Don a ga girman irin waɗannan ƙofofin: bakan Titus da ke tsaye yau a kan Titin Tsarki faɗin cikinsa bai kai mita 5 da rabi ba, tsayinsa mita 8 da 'yan kai. Dawakai 4 za su wuce, giwaye 4 a jere ba za su wuce ba.

Kaisar kuwa a 46, ranar hawansa na Gal, sandar da ke haɗa ƙafafun karusarsa ce ta karye a wajen Belabrum, ya kusa faɗowa. Karusar hawan nasara ƙafa biyu ce, ba ta da abin rage girgiza, duk nauyi a kan sanda ɗaya yake, a kan dutse mai gaɓa-gaɓa. Belabrum kuma kwari ne, tsohuwar fadama, nan ambaliyar kogin Tiber ke fara kwantawa, ƙasan shimfiɗar na zaizayewa. An kawo wata karusar, ya ƙarasa, kuma marubucin tarihi Diyo Kasiyus ya ce a kan gwiwoyinsa ya hau matakalar haikalin.

Mai Latin:
A kan wannan akwai ƙaramin abu mai nauyi. Kalmar da Suwetoniyus, marubucin tarihin Kaisar, ya yi amfani da ita na nufin yana wucewa ta gefen Belabrum, ba lallai ta cikinsa ba. Daga kalma ɗaya tak masana suka rabu: wasu na cewa hawan na shiga Belabrum ya yi kwana irin na 207 kafin ya nufi filin sukuwa, wasu na cewa miƙewa yake ta kasuwar shanu. Malama na da hujja da ta ce a ja layin da fensir.

Sarki Niro ma ya nuna ana iya juya shi. Da ya dawo daga gasar waƙa da sukuwa a Girka, ya hau karusar da Augustas ya yi hawan nasara da ita, ya sa aka rushe bakan Sirkus Maksimus ya shiga ta nan, ya bi Belabrum da Forum, amma ya ƙare a haikalin Apolo na Palatin. Kowa ya gane saƙon, don kowa ya san inda aka saba ƙarewa.

Ɗalibi:
Malam, a koma kan batun sakewa. Wa ke biya in an sake? Kuma ba za a sami masu ɓatawa da gangan ba?

Mai Latin:
An samu, ɗan'uwa. Hukuma na ba da wani kaso na kuɗin wasanni, edil ya cika daga aljihunsa, don da farin jinin wasanni ake hawa muƙami na gaba. Ƙarin kwana ƙarin suna ne gare shi, ƙarin ciniki ne ga masu dawaki. Libiyus ya rubuta cewa a 205 kafin Miladiyya an maimaita wasannin Rumawa sau 3, na talakawa sau 7. Diyo ya ce abin ya kai ana sakewa har sau 10, wani lokaci bisa kuskure, galibi da gangancin masu cin riba, sai sarki Kalaudiyus ya yi doka cewa in an sake, sukuwa ta yini ɗaya ce kawai.

Labarin da suke kafa hujja da shi ma na fili ne, ba na lafazi ba. Sun ce da sassafe kafin wasanni wani maigida ya ratsa da bawansa ta tsakiyar filin sukuwa yana dukansa. Sai wani talaka, Titus Latiniyus, ya yi mafarki Jupita na cewa mai buɗe rawar bai yi masa ba. Da aka bincika aka gane bawan ake nufi, don shi ya fara taka filin kafin jerin gwano. Aka sake wasannin. Wato a tunaninsu, a ranar, hanyar ta riga ta zama ta gunki tun kafin a taso.

Baba Dattijo:
A ƙara da dabbar hadaya, don ita ma tafiya take. Marubuci Filini ya ce ba a karɓar maraƙin da aka kawo a kafaɗa, ko gurgu, ko wanda ke ja da baya daga bagadi, kuma sai wutsiyarsa ta kai gaɓar ƙafar baya. Ma'ana bijimi ya taka kilomita 4 cikin ƙaho da ihu, ya hau tudu, ya iso lafiya kuma kamar da son ransa. In ya zame ya gurgunce a hawan, ya tashi daga aiki. Mai hankali ba zai fito da adadi cif-cif ba.

Malamar Tarihi:
Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba: 'yan kallo ba duwatsu ba ne. A hawan Paulus an kafa dakalan katako a filayen sukuwa da kewayen Forum, mutane cikin fararen kaya, haikalai a buɗe da turare. Sirkus Maksimus tsawonsa kusan mita 600, Diyonisiyas ya ba shi mutum 150,000. Gumaka na shigowa ɗaya bayan ɗaya su kewaya filin, kowane rukuni na tafa wa nasa. A nan ake jin zuciyar gari. A 45 kafin Miladiyya aka sa mutum-mutumin Kaisar kusa da gunkiyar Nasara, sai jama'a suka ƙi tafi, Sisero ya rubuta wa abokinsa yana yaba musu, ya ce mugun maƙwabci ya ja wa Nasara. A shekarar 40 kuma suka yi ta tafa wa Neftun, don Sekstus ɗan Pompiyus da ya tare jiragen hatsi yana jingina kansa da shi. An kuma ruwaito cewa Augustas, bayan guguwa ta farfasa masa jirage, ya cire Neftun daga jerin gwano na gaba. Jerin waye ke gaba waye ke baya siyasa ce tsagwaronta.

Mai Tono:
Gafara dai, na shigo a makare. Duk maganar ta tsaya a Rum, alhali mafi cikakken tsari a rubuce daga wasu garuruwa ya fito.

A Afisa, shekarar 104 Miladiyya, wani attajiri Gayus Bibiyus Salutaris ya ba da waƙafin ƙananan mutum-mutumi 31 na zinariya da azurfa: Artimis, sarki Tarajan da matarsa, majalisar Rum, ƙabilun garin. An sassaƙa sharuɗɗan a bangon gidan kallo, layi sama da 500. Ma'aikatan haikali su ɗauko su daga haikalin Artimis da ke wajen gari, samarin gari su tarye su a ƙofar Magnesiya, a ratsa babban titi a gangara gidan kallo, a jera su kan ginshiƙai 9 muddin ana taro, sannan samarin su raka su har ƙofar Koresos, a mayar. Ana yin haka duk ranar taron gari da ranakun buki, kusan duk mako biyu. Har mai goge azurfar an yanka masa kuɗi. Daga baya wani malamin balaga na garin, Damiyanus, ya gina rumfar marmara a kan hanyar haikalin ta ƙofar Magnesiya, don kada ruwan sama ya hana masu zuwa. Ga misalin Baba ƙarara: tafiya ta riga gini.

Na biyu Gubiyo a Umburiya, allunan tagulla 7 da aka samu a 1444. Tsarkake gari a can ta ƙofofi 3 ake yinsa, kowace a yi yanka a gabanta da bayanta. Ƙofar farko bijimai 3 a gaba, aladu masu ciki 3 a baya. Ta biyu bijimai 3, 'yan aladu masu shan nono 3. Ta uku bijimai 3 masu farin goshi, 'yan tumaki 3. In an tsallake wani abu, allon ya ce a sake duban tsuntsaye, a koma ƙofar farko, a faro daga tushe. Kuskure a ƙofa ta uku asarar dabbobi 12 ne na ƙofofin baya.

Ɗan Safiyo:
Na Gubiyo ya fi kama da shata iyaka fiye da nuna kai ga jama'a. Akwai irinsa a Rum?

Baba Dattijo:
Akwai, kuma su ne tsofaffi. Ranar 15 ga Fabrairu samarin bikin Luperkaliya na gudu a gindin Palatin, tsohon garin farko. Ranakun 16 da 17 ga Maris ana zaga ƙananan wuraren bauta 27 na Argei da ke warwatse a unguwanni 4 na dā, a tsakiyar Mayu kuma a jefa mutum-mutumin ciyawa cikin kogi daga gadar katako ta Sublisiyus. Cikin Maris firistocin Mars 12 na yawo da garkuwoyi masu tsarki, suna da masaukai a hanya inda ake ajiye garkuwoyin a kwana. Ranar 27 ga Maris a ɗora gunkiyar Kubele a amalanken shanu, a fita ta ƙofar Kapena zuwa rafin Almo a wanke ta. Ta wannan gefen dai mahaya ke shigowa ranar 15 ga Yuli, daga haikalin Mars zuwa na Kasto a Forum, wani lokaci har 5,000.

Mafi nisa Robigaliya, 25 ga Afrilu, don kare alkama daga tsatsa. Ana fita arewa har dutsen mil na 5 a hanyar Kalaudiya a yi hadayar kare da tunkiya. Mil ɗin Rumawa mita 1,480 ne, kilomita 7 da 'yan kai zuwa, kusan 15 da dawowa.

Malamar Tarihi:
Kuma wannan ranar ba ta mutu da gumakan ba. Kiristocin Rum sun riƙe 25 ga Afrilu don babban jerin gwanon addu'arsu: daga cocin Lorenzo da ke Lusina, a miƙe arewa ta hanyar Filaminiya, a tsallaka gadar Milbiyus, sannan a juyo ta ɗaya gefen kogi zuwa cocin Bitrus. Malam Safiyo, in za ka ɗora hanyoyin biyu a kan taswira ɗaya, ka fara daga gadar, don har zuwa can ƙafa ɗaya suke takawa, bayan an tsallaka ne suke rabuwa.